Na haɗa tukunyar da ke mai da leda mai da iskar haidirojin, yaya zan yi mata rajistar mallaka?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne a Kano, na karanta kimiyyar sinadarai a kwalejin fasaha. Ni da wani abokina mai walda mun haɗa tukunyar ƙarfe da muke dafa ledar fiya wata da fasassun robobi a ciki. Mai yana fitowa, har mun tada janareto da shi. Akwai kuma wata iska da ke fita tana kamawa da wuta, ina kyautata zaton haidirojin ce. Akwai wani haɗi da nake zubawa a tukunyar, ni na gano shi da kaina. Na sa ɗan bidiyo a Facebook, yanzu ana ta kirana, har wani Alhaji ya ce zai sa kuɗi amma sai ya ga takardar mallaka. Yaya zan yi rajista don kada a sace mini fasaha? In na yi a Najeriya, ta kare ni a duk duniya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa wannan ƙoƙari albarka. Abin da kake nema shi ne hanyar samun takardar haƙƙin mallakar ƙirƙira a kan yadda kake sarrafa roba ta zama mai da iska, da kuma sanin iyakar inda takardar za ta yi maka aiki. Sai dai akwai tambayar da ba ka yi ba, ita ce kuma ta fi nauyi: a duk abin da kuka haɗa, wane yanki ne naka? Samun takarda a Abuja ba shi da wata wahala, zan faɗa maka dalili nan gaba. Takardar da za ta tsaya da ƙafarta a gaban alƙali, ko a gaban mai zuba jarin da ya san kan harka, ita ce ke cin gumi.

Haƙƙin mallakar ƙirƙira ba-ni-in-ba-ka ne tsakaninka da hukuma. Kai za ka bayyana sirrin aikinka a rubuce, dalla-dalla, ta yadda duk masanin fannin da ya karanta zai iya yin irinsa. Ita kuma za ta ba ka ikon hana kowa cin kasuwa da shi ba da yardarka ba, har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardunka, matuƙar kana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Daga nan ya zama na kowa. Dokar Najeriya ta haƙƙin ƙirƙira da zane, wadda aka yi a 1970, ta ce sai abin ya zama sabo, akwai hikimar ƙirƙira a cikinsa, kuma ana iya aiki da shi a masana'anta. Ta kuma yarda a yi rajistar ingantawa a kan ƙirƙirar da wani ya riga ya yi wa rajista, in ingantawar ita kanta ta cika waɗannan sharuɗɗa. Sabo a nan ba sabo a Kano ake nufi ba. Duk abin da aka taɓa bayyanawa ga jama'a a ko'ina a duniya, a rubuce ko a baki ko a aikace, kafin ranar da ka shigar da takarda, ya fita daga sahun sabo, ko da kai ba ka taɓa jin labarinsa ba.

Waɗanda suka riga ka

Dafa roba a rufaffiyar tukunya ba iska, har ta narke ta tashi tururi, a sanyaya tururin ya koma mai, shi ake kira fairolisis, kuma ya girme ka. Tun shekarun 1970 Farfesa Walter Kaminsky da abokan aikinsa suke wannan bincike a Jami'ar Hamburg ta Jamus. Kamfanin BASF ya kafa masana'antar gwaji a Ludwigshafen a 1994, ya rufe ta a 1996, ba don fasahar ta ƙi ba, sai don lissafin kuɗi da tabbacin samun isassun robobi sun ƙi fita. A Kawasaki ta Japan, tun 2003 kamfanin Showa Denko, wanda yanzu ake kira Resonac, yake mai da tarkacen roba iskar gas, ya tace haidirojin daga ciki ya haɗa amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi. Farfesa Paul Williams na Jami'ar Leeds a Ingila ya daɗe yana wallafa bincike kan tukunya mai hawa biyu, ta farko ta narkar da roba, ta biyu ta ratsa tururinta ta cikin nikel mai zafi don a sami haidirojin. A 2020 ayarin Farfesa Peter Edwards na Jami'ar Oxford ya nuna cewa da zafin maikirowef da sinadarin ƙarfe za a iya fizge sama da kashi 97 cikin 100 na haidirojin da ke cikin niƙaƙƙiyar roba a cikin daƙiƙa 30 zuwa 90. A 2023 ɗakin binciken Farfesa James Tour a Jami'ar Rice ta Amurka ya yi nasa da tartsatsin lantarki mai tsananin zafi, ya sami haidirojin da girafin, wani nau'in kabon.

Ban jero waɗannan don in sage maka gwiwa ba. So nake ka cire rai da mallakar "mai da roba mai" ko "fitar da haidirojin daga leda" gaba ɗaya. Wannan fili an riga an cinye shi. In akwai abin da ya rage maka, yana cikin haɗin nan da kake zubawa, ko a yadda kuka tsara tukunyar, ko a wani mataki da kake bi wanda ke ba da sakamakon da ba wanda ya zata.

Iskar nan, haidirojin ce kuwa?

A nan zan ɗan zauna, domin a nan na fi ganin masu ƙirƙira suna tuntuɓe. Kamawa da wuta ba shaidar haidirojin ba ce. A zafin da ake samun mai da yawa, wato wajen digiri 400 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyos, iskar da ba ta koma ruwa ba yawancinta metan ce da etilin da furofilin da danginsu, haidirojin ɗan kaɗan ne a ciki. Dukkansu suna ci da wuta. Hasali ma harshen wutar tsantsar haidirojin da ƙyar ido ke ganinsa da rana. In wutar da ke bakin bututunka tana da ruwan ɗorawa har tana baƙanta gindin tukunya, to kabon ne ke ƙonewa.

Ga lissafin da nake so ka yi da biro. Ledar fiya wata dangin foliyetilin ce. A kowane kilo ɗaya nata, kimanin gram 143 ne haidirojin, sauran gram 857 kabon ne. Man da kake tatsa shi ma kabon ne da haidirojin, a kusan wannan ma'auni. Ke nan in kilo ɗaya na leda ya ba ka gram 700 na mai, man ya tafi da kusan gram 100 na haidirojin. Abin da ya rage gram 40 da 'yan kai ne, su ma mafi yawansu suna ɗaure a jikin metan da sauran iskokin da na ambata. Mai da haidirojin a kwano ɗaya suke ci: in ka ƙara wa wannan ka rage wa wancan. Mutanen Oxford da suka kwashe kusan dukkan haidirojin ɗin, ba mai suka samu ba, baƙin kabon ne ya rage musu.

Hanyar da ake tsallake wannan iyaka ita ce a kawo haidirojin daga wani wuri, wato daga ruwa. Ana haɗa tururin roba da tururin ruwa a kan nikel a zafin da ya kai wajen digiri 800. A lissafin takarda, kilo ɗaya na foliyetilin zai iya ba da kusan gram 430 na haidirojin ta wannan hanya, amma kashi biyu cikin uku daga ruwan ya fito, kabon ɗin ya fice a matsayin iskar kabon dayokzaid, mai kuwa babu ko ɗigo. Shi ya sa masu son samun duka biyun suke raba aikin: tukunyar farko ta ba da mai, ta biyu ta karɓi iskar da ta rage da kaurin man da bai da kasuwa ta mai da su haidirojin. Wasu kuma su mai da komai iskar gas tukuna, sannan su gina mai daga iskar ta hanyar da Franz Fischer da Hans Tropsch suka gano a Jamus a shekarun 1920, irin wadda ake aiki da ita a Escravos ta jihar Delta, sai dai can da iskar gas ta ƙasa ake yi. Duk waɗannan suna rubuce.

A aikina na duba wa masu ƙirƙira bayanansu kafin su je wurin lauya, akwai saurayin da ya zo mini da mai a gorar ruwa da iska a cikin tayar ciki ta mota, yana da yaƙinin ya sami haidirojin. Lokacin hunturu ne. Da safe ya tarar man ya daskare ya zama kaki, sai da aka ajiye gorar a rana kafin ya zubu, alamar sarƙoƙin robar ba su gama tsinkewa ba. Iskar kuwa da aka sa ta a na'urar tantance gas, haidirojin bai taka kara ya karya ba. Amma a cikin hira ya ambaci wata dabara da yake yi don kada bututu ya toshe idan gorar lemo ta shiga cikin kaya. Duk mai wannan sana'a ya san ciwon nan: robar da ke da lamba 1 a gindi, wato PET, ba ta ba da mai kirki, sai wani farin ƙanƙara da ke manne wa bututu, mai lamba 3, wato PVC, fiye da rabin nauyinta kulorin ne, tana sakin iska mai guba da ke cin ƙarfe ta ɓata mai. Masu lamba 2 da 4 da 5 da 6 su ne abincin tukunya. Dabarar da shi bai ɗauke ta a bakin komai ba, ita ce kaɗai abin da ya cancanci a bincika ko sabuwa ce. Ina zaton kai ma haka lamarinka zai kasance.

Don haka kafin rajista, ka yi awo. Ka auna nauyin ledar da ta shiga, da na man da ya fita, da na baƙin da ya rage a gindin tukunya. Abin da ya ɓace shi ne iska. Ka sa ma'aunin zafi na gaske a cikin tukunyar, kada ka dogara da kallon ja da ƙarfe ya yi. Ka dafa da haɗinka, ka dafa ba shi, da leda iri ɗaya, a zafi ɗaya, ka maimaita har sakamakon ya zauna. Ka kai man da iskar a gwada. Sassan injiniyan sinadarai na jami'o'i irin Bayero da Ahmadu Bello, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa a Zariya, nan ne wuraren da za ka fara tambaya. Mai da iska za ka kai, haɗin ka bar shi a gida. Wannan kwatanci na "da shi" da "ba shi" shi ne zai zama hujjarka cewa akwai hikima a aikin. In ya zamana babu bambanci, ka tsira da kuɗinka.

Bidiyon da ka sa, da abokinka, da Alhaji

Bidiyon na iya cutar da kai, yana kuma iya zama bai yi komai ba. In abin da ya nuna tukunya ce a rufe da mai yana ɗiga da janareto yana ruri, bai koya wa kowa yadda ake yi ba, sirrin yana nan. In kuwa ka faɗi abin da ke cikin haɗin, ko ma'auninsa, ko ka buɗe cikin tukunyar ka nuna tsarinta, to abin da ka nuna ya zama na jama'a, kuma kai da kanka ka kashe sabuntarsa. Goge bidiyon ba ya mai da hannun agogo baya. Rangwamen da dokarmu ta yi ɗan ƙarami ne: nunawa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, a cikin wata shida kafin shigar da takarda. Amurka tana ba mai ƙirƙira shekara ɗaya bayan ya bayyana abinsa da kansa, Turai kuwa ba ta da irin wannan sassauci. Daga yau ka kama bakinka, a rediyo da talabijin da majalisar unguwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abokinka mai walda, ku zauna tun zumunci yana da daɗi. Doka ta bambanta wanda ya ba da hikima da wanda ya taimaka da aikin hannu kawai. In zane ka ba shi ya ƙera, ba ya cikin masu ƙirƙira, sai dai ka saka masa ta wata hanya. In kuwa shi ya kawo shawarar lanƙwasa bututu ta yadda ya daina toshewa, kuma wannan zai shiga cikin abin da za ku nemi mallaka, to sunansa ya shiga. Ka kuma duba ko a lokacin da kake yi wa wani kamfani ko makaranta aiki ka gano haɗin, domin abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a cikin aikin da aka ɗauke shi, doka ta ba wa mai aikin, shi kuma a wasu yanayi ya cancanci lada.

Shi kuwa Alhaji bai yi laifi ba da ya nemi takarda. Amma kafin ka nuna masa ko injiniyan da zai turo wani abu na ciki, ku sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Abin da aka faɗa a ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya ba a lissafa shi cikin bayyanawa ga jama'a. In kun kai ga haɗa jari, ku yi rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a rubuta kason kowa, a kuma fayyace ko takardar mallakar za ta koma sunan kamfani ko za ta zauna a hannunka ka ba kamfanin lasisi. Ni na fi son na biyun ga matashin da bai san abokin tafiyarsa sosai ba. Ko wanne kuka zaɓa, a rubuta a kuma kai ofishin rajista, in ba haka ba bai hau kan wani na waje ba.

Yadda ake rajistar

Ana shigar da takardu a ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ƙirƙira da zane, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Za ka ba da suna da adireshi, cikakken bayanin ƙirƙirar da zane-zanenta, jerin da'awowi, wato abubuwan da kake neman a ce naka ne, da kuɗin rajista. In wakili ne zai shigar maka, sai da takardar wakilci. Hukumar NOTAP mai kula da samowa da bunƙasa fasaha tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen tsara takardu da shigar da su, ta kuma kafa ofisoshin kula da haƙƙin ƙirƙira a jami'o'i da kwalejoji da dama, don haka ka leƙa makarantar da ka gama. Wanda ya riga shigar da takarda shi doka ta sani, ba wanda ya riga tunani ba.

Ga dalilin da na ce samun takardar ba wuya. Dokar 1970 ta ce mai rajista ya duba ko takardu sun cika, amma ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ko akwai hikima a ciki ba. Ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, in ta rushe asarar mai ita ce. Ma'ana, kana iya kwafo aikin Hamburg na shekara 50 da suka wuce ka sami takarda mai hatimi. Ranar da ka kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumin irin wannan shari'a, lauyansa zai ɗauko tsohuwar takardar Jamus ya ajiye a gaban alƙali, a soke taka. Saboda haka binciken da hukuma ba ta yi maka ba, kai za ka yi wa kanka.

Binciken kyauta ne, data kawai zai ci. Akwai Google Patents, da Espacenet na ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, da Patentscope na WIPO, hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba. Kada ka tsaya a kalmomi, ka yi amfani da lambobin rukunin da ake kasafta ƙirƙire-ƙirƙire da su: C10B 53/07 na dafa roba da taya ba iska, C10G 1/10 na samar da mai daga irin waɗannan tarkace, C01B 3 na samar da haidirojin, C08J 11 na sake sarrafa tarkacen roba. Ka haɗa kowace lamba da sunan abin da ke cikin haɗinka. Ka kuma duba kundayen digiri da mujallun bincike na gida. Misali, in haɗinka daga farar ƙasa ne, ka sani an daɗe ana wallafa bincike a Zariya kan haɗa sinadarin ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina, kuma amfani da ziyolait wajen tsinka sarƙoƙin roba tsohon zance ne. Toka, da farar ƙasa, da ƙonannen ƙashi, da ɓawon ƙwai, duk ka sa ran wani ya taɓa gwadawa ya rubuta. Ka tuna kuma ofisoshi da yawa sai bayan wata 18 suke buga takardun da aka shigar, don haka akwai waɗanda ke kan hanya ba za ka gan su ba.

Wani amfanin binciken da mutane ba su cika lura da shi ba: duk takardar da ta wuce shekara 20, ko wadda mai ita bai yi mata rajista a Najeriya ba, kana iya aiki da abin da ke cikinta a nan ba ka biya kowa sisi ba. Mallakarta ce ba za ka iya ba.

Da'awowi su ne zuciyar takardar. Kamar shingen gona suke: abin da ke ciki naka ne, na waje ba naka ba, in kuma ka ja shingen ya shiga gonar maƙwabci, za a tumɓuke shi. Wanda ya rubuta "hanyar samar da mai da haidirojin ta dumama tarkacen roba" ya kewaye gonar duniya, ba zai kwana ba. Wanda ya rubuta "hanyar sarrafa ledar foliyetilin mai datti, inda ake ratsa tururinta ta cikin haɗi mai ɗauke da abu kaza da kaza, a ma'auni daga kaza zuwa kaza, a zafi daga kaza zuwa kaza" ya kama abin da zai iya karewa. Amma in ka matse da yawa, ka ce digiri 450 cif, wani zai yi a 470 ya wuce ka yana dariya. Shi ya sa ake gwada zafi daban-daban da ma'auni daban-daban, a san daga ina zuwa ina dabarar take aiki, a rubuta babbar da'awa ɗaya da ƙanana a ƙarƙashinta don in babbar ta faɗi ƙananan su tsaya. Kada ka ɓoye wani sinadari da nufin wayo. Bayanin da bai isa masani ya yi aikin ba, shi kansa dalilin soke takarda ne. Kada kuma ka sa haidirojin a da'awa alhali awo bai nuna shi ba.

Ƙasashen waje

A'a, takardar Najeriya a Najeriya take tsayawa, kuma babu wata takarda guda da ke kare mutum a duk duniya. Abin da ke akwai shi ne jinkiri. Yarjejeniyar Paris ta ba ka wata 12 daga ranar da ka shigar a gida ka shigar a wasu ƙasashe, a lissafa maka da ranar farko. A cikin watannin nan kana iya bin tsarin PCT na WIPO, wanda Najeriya ta shiga a 2005: takarda ɗaya, a yi maka binciken ƙasa da ƙasa da rahoto kan ko abinka sabo ne, a kuma ba ka har wata 30 daga ranar farko, wasu wuraren 31, kafin ka zaɓi ƙasashen da za ka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashe irin namu suna samun ragin kashi 90 cikin 100 a kuɗin shigarwa, amma kuɗin bincike daban ne, kuma babban kashe kuɗin yana zuwa ne a ƙarshe, wurin lauyoyi da fassara a kowace ƙasa. Rahoton binciken nan, a ganina, ya fi takardar Abuja daraja a idon mai zuba jarin da ya waye, don wani ne da bai san ka ba ya duba ya ce akwai sabon abu ko babu.

In kasuwarka maƙwabta ce, Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Ghana da Sudan suna cikin ARIPO mai hedikwata a Harare. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya, sai ka shiga kowacce daban.

Shin rajistar ma ta dace da kai?

Mallakar hanyar sarrafawa tana da wani rauni. Wanda ya saci ƙirar inji, ana ganin injin a kasuwa. Wanda ya saci hanyar dafa roba, a cikin katangarsa yake yi, abin da ke fita kuwa mai ne irin na kowa. Dokarmu ta ce in hanyar tana samar da sabon kaya ne, duk wanda aka gani da kayan ana ɗauka da hanyarka ya yi har sai ya kawo hujja. To amma mai da haidirojin ba sabbin kaya ba ne, wannan gatan ba zai same ka ba. Ga shi kuma ka riga ka buga sirrin kowa ya karanta.

Don haka ka duba me za ka sayar. In mai za ka riƙa tatsa kana sayarwa, kuma ba a iya gane haɗinka daga man, riƙe shi a matsayin sirrin sana'a na iya fi maka, ka riƙa haɗa shi da hannunka ma'aikata su karɓa a buhu. Hatsarin shi ne in wani ya gano da kansa ba ka da bakin magana. In kuwa injuna za ka ƙera ka sayar tare da haɗin, ko lasisi kake so ka ba wasu, to duk wanda ya saya zai iya kai haɗin ɗakin gwaji ya warware shi, a nan rajista ta zama dole.

Game da haidirojin ɗin, ko da awo ya tabbatar da shi, ban ga mai saye a kusa da kai ba. Manyan masu buƙatarsa, matatun mai da masana'antun taki irin na Dangote a Lekki da Indorama a Eleme, da kansu suke samar da nasu daga iskar gas. Tace shi da matse shi a tulun ƙarfe yana son kayan da suka fi tukunyarka tsada nesa ba kusa ba. Mafi alherin iskar a wurinka shi ne ka mai da ita ƙarƙashin tukunya ta rage maka kuɗin makamashi. Ka yi hattara da ita: haidirojin yana kamawa da wuta ko da kashi 4 cikin 100 ne a iska, har zuwa kashi 75, kuma iskar tukunya tana iya ɗaukar kabon monokzaid mai kisa ba wari. A fili za ku yi aiki, da tarkon ruwa a bututu don kada wuta ta koma ciki. Takardar mallaka kuma ba izinin sayar da mai ba ce. Wannan yana hannun hukumar kula da tacewa da sayar da mai ta NMDPRA, batun hayaƙi da muhalli yana hannun hukumar kiyaye dokokin muhalli ta tarayya, wato NESREA, da hukumar muhalli ta jiha, inganci kuma na hukumar kula da ingancin kaya ta SON.

Ni injiniya ne, ban kuma ga tukunyarka ba, saboda haka hukuncin ko haɗinka sabo ne sai bayan awo da bincike, rubuta da'awowi kuwa aikin lauyan da ya ƙware a wannan fanni ne, ba kowane lauya ba. Ka je masa da littafin gwaje-gwajenka mai kwanan wata, da sakamakon ɗakin gwaji, da takardun wasu da ka gano sun fi kusa da naka, ka nuna masa da yatsa inda kuka rabu. In za ka sake rubuto mini, turo nauyin abin da ya shiga da wanda ya fita da zafin da ka yi aiki da shi, mu duba lissafin tare. Sunan abin da ke cikin haɗin kuwa kada ka sa shi a wasiƙar, don wasiƙun nan bugawa ake yi.